SimSig da Layin Fankon Jirgi: Bitar Manhajar Kwaikwayon Siginar Jirgin Ƙasa

Agogon manhajar yana nuna ƙarfe takwas saura na safe, lokacin da jiragen ma'aikata ke kwarara zuwa cikin Landan, sai wata na'urar gano jirgi ta lalace a kan layin jiragen da ke tsayawa tasha-tasha, tsakanin tashoshin Alexandra Palace da Finsbury Park. Kafin in gama karanta sanarwar, jirage biyu sun riga sun tsaya a bayan jar fitila, na uku kuma yana tafe. A gefen wannan layin, a kan allon, ga wani layi a shimfiɗe babu kowa a kansa, ya nufi inda nake so jiragen su je. Na danna siginar shiga, na danna ta fita, hanya ta buɗe fari tas. Jirgin bai motsa ba. Direbansa ya bugo waya yana tambayar hanyar da aka ba shi, domin layin da na buɗe masa na jiragen kaya ne da fankon taragu, shi kuwa yana ɗauke da mutane. Wannan kiran wayar shi ya sa na daina kallon SimSig a matsayin wasan ɓata lokaci, kuma a kansa mafi yawan wannan bitar za ta tsaya.

SimSig manhaja ce ta kwamfuta mai Windows wadda ke ɗora mutum a kujerar ma'aikacin sigina na layin dogon Birtaniya. Geoff Mayo ne ya ƙirƙire ta, kuma a yau tana da sassa masu yawa, kowanne yana kwaikwayon wani yanki na gaske da layukansa da siginoninsa da sunayen mahaɗunsa. Ana sauke babbar manhajar sau ɗaya, sannan a ƙara sassan da ake so. Wasu kyauta ne, wasu kuma sai an saya. Kamanninta an ɗauko shi ne daga allunan cibiyoyin sarrafa sigina na lantarki da hukumar jiragen ƙasa ta Birtaniya ta fara amfani da su a 1989, a wurare irin su Liverpool Street da York. Saboda haka wanda ya buɗe ta yana tsammanin ganin kan jirgi da gadoji da filayen karkara zai ga baƙin allo ne kawai, da layuka masu ruwan toka, da ɗige-ɗigen ja da kore da ruwan ɗorawa. Hanyar da aka buɗe wa jirgi tana komawa fara, sashen da jirgi yake kai yana komawa ja, jirgin kansa kuma ba a ganin komai nasa sai lamba mai harafi huɗu da ke tsalle daga sigina zuwa sigina. Abin da ma'aikacin gaske yake gani ke nan, shi ma ba ya ganin jiragen da yake tafiyarwa.

Aikin hannu ba shi da wuya. Mutum ya danna siginar da jirgi zai tashi daga gare ta, ya danna wadda zai nufa, sai makarkatun layi, wato ƙarafan da ke karkatar da jirgi daga wannan dogo zuwa wancan, su juya da kansu, su kulle, fitila ta sauya. Wahalar tana cikin abin da manhajar ke ƙin yarda da shi. Ba za ta buɗe hanyoyi biyu da suka gitta juna a lokaci ɗaya ba, ba za ta juya makarkata a ƙarƙashin jirgi ba, kuma tana riƙe da wata tazarar kariya a bayan kowace jar fitila, wadda a ƙa'idar Birtaniya takan kai yadi 200, don ko da direba ya zarce kaɗan kada ya afka wa wani. Idan mutum ya buɗe hanya bisa kuskure, ya soke ta alhali jirgi ya riga ya doso, hanyar ba ta sakuwa nan take. Sai an jira kamar minti biyu, domin a tabbatar jirgin ya tsaya kafin a taɓa makarkatun da ke gabansa. Minti biyun nan a bakin tashar King's Cross ta Landan da safe suna iya jinkirta jirage biyar ko shida, kuma babu wata dabara da za ta gajarta su. Duk wanda ya taɓa shiga jirgin Rigasa zuwa Idu, ya ga an tsaya a wata ƙaramar tasha ana jiran na gaba ya wuce saboda layin ɗaya ne, ya ɗanɗani sakamakon irin wannan lissafi daga ɓangaren fasinja. A nan mutum yana zaune ne a ɓangaren mai yanke hukuncin wa zai jira.

Lambar nan mai harafi huɗu ita ce mabuɗin fahimtar komai. Adadin farko yana faɗin irin jirgin: 1 na fasinja ne mai gudu, 2 na fasinja mai tsayawa a ƙananan tashoshi, 4 da 6 da 7 da 8 na kaya ne gwargwadon gudun da aka yarje musu, 0 kan jirgi ne shi kaɗai ba tarago, 5 kuma fankon jirgin fasinja ne, wato taragun da babu kowa a ciki sai ma'aikata, suna kan hanyarsu ta zuwa ma'ajiya ko dawowa daga can. Jirgi ɗaya yana iya shigowa tasha da lamba mai farawa da 1, mutane su sauka, a rufe ƙofofi, ya fita da lamba mai farawa da 5. Taragun ba su canza ba, direban ma wataƙila shi ne, amma hanyoyin da aka halatta masa sun canza gaba ɗaya. A sassan da manhajar ba ta sauya lambar da kanta, aikin mai sigina ne ya duba jadawali ya rubuta sabuwar, kuma wanda ya manta ya yi haka zai tarar yana shirin aika fankon jirgi zuwa Edinburgh, ko kuma mafi muni, yana shirin aika cikakken jirgi zuwa wurin wanki.

Sashen King's Cross ne na fi daɗewa a kai, kuma a ganina shi ya fi nuna wannan al'amari. Yana kwaikwayon yankin da ɗakin siginar King's Cross ya riƙa sarrafawa tun shekarun 1970 har zuwa 2021, lokacin da aka mayar da aikin cibiyar York. Daga tashar, layuka suna shiga ramin Gasworks da na Copenhagen, su wuce Finsbury Park inda reshen Moorgate ke haɗuwa da su, su kai Alexandra Palace inda hanyar Hertford ke rabuwa, sannan su matse daga huɗu zuwa biyu a kan doguwar gadar Digswell kusa da Welwyn, wadda aka buɗe tun 1850 kuma har yau take shaƙe zirga-zirgar wannan hanya. Amma tsakanin Finsbury Park da Alexandra Palace ne ainihin aikin yake, domin a nan ma'ajiyoyin taragu suka taru: Hornsey ta jiragen lantarki na kewayen birni, Bounds Green ta jiragen dogon zango, da layukan ajiya na Ferme Park, ga kuma gadar sama a Harringay da ke tsallakar da jirgi daga wannan gefe zuwa wancan ba tare da ya yanke manyan layuka ba. Tun kafin asuba fankon jirage ke fitowa daga waɗannan wurare suna neman hanyar shiga King's Cross, bayan cunkoson safe kuma su juyo. Kowannensu sai ya bugo waya ko ya nuna alamar ya shirya, kowannensu yana tafiya a hankali, kuma kowannensu yana buƙatar a samo masa ɗan gibi a tsakanin jiragen fasinja. Wanda ya tsare fankon jirgi don ya ba na fasinja hanya yana ganin ya yi daidai, har sai ya lura cewa wannan fankon shi ne jirgin da ya kamata ya tashi da mutane zuwa Leeds nan da minti ashirin. Ban san wata manhajar jirgi da ta ba wa wannan ɓoyayyen rabin aikin layin dogo muhimmanci kamar haka ba.

To me ya hana a tura fasinja kan waɗannan layuka idan babu kowa a kansu? Tambaya ce da duk sabon mai amfani da manhajar yake yi, kuma amsarta tana da tushe mai nisa. A ranar 12 ga Yuni 1889, a kusa da Armagh da ke arewacin tsibirin Ayalan, wasu taragu cike da masu yawon buɗe ido, da yawansu yara, suka gangaro da baya daga kan tudu suka yi karo da jirgin da ke biye, mutum 80 suka rasu. A cikin wannan shekarar majalisar Birtaniya ta yi dokar da ta ba hukuma ikon tilasta abubuwa uku a kan layukan fasinja: a raba layi sashe-sashe kada jirage biyu su shiga sashe ɗaya, a ɗaure makarkatu da siginoni ta yadda ba za su saɓa wa juna ba, sannan a sa wa jiragen fasinja birkin da ke kama kansa idan taragu suka rabu. Layukan kaya da na ajiya ba a ɗora musu wannan nauyin duka ba, kuma bambancin ya wanzu. A layin kaya ana iya barin jirgi ya shiga sashen da wani yake ciki, direba yana tafiya a hankali yana dogaro da idonsa don ya tsaya. Tazarar kariyar da ke bayan jar fitila tana iya zama gajera ko babu ita sam. Makarkatar da jirgin fasinja zai tunkara ta gaba dole ta kasance da kulle na musamman da zai hana ta motsi a ƙarƙashin ƙafafunsa, amma a cikin ma'ajiya akwai makarkatun da da hannu ake juya su, babu irin wannan kullen.

Akwai kuma abin da ya fi waɗannan tsoratarwa. A inda layin kaya ko na ajiya ya haɗu da layin fasinja, akan sa wata makarkata ta tarko, wadda aikinta shi ne ta kauce da duk jirgin da ya zarce jar fitila, ko da hakan na nufin ta sauke shi daga kan dogo, don kada ya shiga gaban jirgin da ke ɗauke da mutane. An tsara ta ne a kan lissafin cewa gara fankon tarago ya faɗi a kan tsakuwa da a yi karo. Idan aka sa jirgi mai fasinja ɗari biyar a kan wannan layi, lissafin ya juye, na'urar da aka kafa don kare mutane ta koma barazana gare su. A ƙara da cewa gudun da aka yarda da shi a irin waɗannan layuka kaɗan ne, sau da yawa mil 15 a awa ko ƙasa da haka, akwai ma'aikata masu tafiya a ƙasa tsakanin taragu, akwai injinan wanki, kuma babu dandamalin da mutane za su sauka a kai. Shi ya sa a aikin gaske ba a bi da fasinja ta layin kaya sai da izini na musamman, sai an tabbatar babu wani jirgi a cikin sashen, an kuma tsare makarkatun da ke buƙatar tsarewa. Mai sigina ba ya yin wannan don kawai yana sauri.

SimSig ta shigar da wannan bambanci cikin tsarinta. A wurin da ake rubuta siffofin kowane irin jirgi a jadawali, inda ake sa tsawonsa da iyakar gudunsa da irin wutar da yake amfani da ita, akwai wani ɗan akwati da ke faɗin ko an yarda ya bi layin kaya. Direbobin manhajar kuma ba sa bin duk fitilar da aka kunna musu ido rufe. Idan hanyar ta saɓa wa wadda jirginsu ya kamata ya bi, sukan tsaya su tambaya, kamar yadda direban jirgin lantarki ba zai yarda ya shiga layin da babu waya a samansa ba. Abin da ya burge ni shi ne, na'urar kullen da ke ɗaure makarkatu da siginoni ba ta hana a buɗe hanyar, domin a gaskiya ma ba ta san ko akwai mutane a cikin jirgi ko babu ba. Ita dai ta san makarkatu da sassan layi. Hukuncin yana hannun mutum, da mai sigina da direba. Wannan rabon aiki daidai yake da na gaske, kuma da masu manhajar sun toshe hanyar kawai, da sun sauƙaƙa wa kansu aiki amma sun koyar da abin da ba haka yake ba. A safiyar da na ambata, abin da ya rage mini shi ne in soke hanyar, in jira ta saku, sannan in riƙa kiran direbobi ɗaya bayan ɗaya ina ba su izinin wuce jar fitilar a hankali ta kan layinsu na asali, wasu kuma in karkatar da su kan layin masu gudu idan an samu gibi. An yi jinkiri, amma kowa ya isa ta hanyar da aka tanada masa.

Abin sha'awa, wannan layin da na so in yi amfani da shi ba bisa ƙa'ida ba, masu layin dogon gaske su ma sun daɗe da ganin amfaninsa. A 2013 aka kammala aikin ɗaga darajar layukan kaya da ke tsakanin Finsbury Park da Alexandra Palace zuwa na fasinja, aka ƙara dandamali a tashoshin biyu, don jiragen hanyar Hertford su daina gogayya da sauran a kan layi ɗaya. Sai da aka gyara sigina da dogo aka kashe kuɗi kafin a ce fasinja ya halatta a kansu. Tsarin da ke cikin sashen King's Cross na zamanin da ya gabaci wannan gyara ne, don haka mai amfani da shi yana jin matsin da ya sa aka yi aikin tun farko.

Sauran manhajojin jirgi da na sani ba su damu da wannan ba, kuma ba laifinsu ba ne, manufarsu dabam ce. A OpenTTD mutum yana gina layukansa da kansa, kuma jirgin gawayi da na fasinja duk ɗaya ne a wurin sigina. Kowane layi na kowa ne. A Train Sim World mutum direba ne, yana iya tuƙa fankon jirgi zuwa ma'ajiya ya ga wurin da idonsa, abin da SimSig ba za ta taɓa nuna masa ba, amma hanyar an riga an shimfiɗa masa, ba shi ke zaɓa ba.

Inda nake ganin SimSig ta gaza shi ne wajen bayani. Tana aiwatar da ƙa'ida amma ba ta faɗin dalilinta a cikin allon. Sabon shiga zai ga layuka shida a jere duk launi ɗaya, kuma in ban da gajeren sunan da aka rubuta a jikin kowanne, babu abin da zai nuna masa cewa wannan na fasinja ne, wancan na kaya ne, na can kuma na shiga wurin wanki ne. Dole ya koma littafin jagorar sashen a shafin intanet na manhajar, wanda aka rubuta da Turancin ma'aikatan layin dogo cike da taƙaitattun haruffa, kuma wanda bai saba da su ba zai ɗauki kwanaki kafin ya daidaita. Da za a sa ɗan bayani da zai fito idan an ɗora linzamin kwamfuta a kan layi, da an rage rabin wannan wahala ba tare da an taɓa gaskiyar kwaikwayon ba. Haka nan tagogin jadawali da na jerin jirage tsohon yayi ne, ƙananan rubutu a cunkushe, kuma manyan sassa irin King's Cross sun fi ƙarfin ƙaramin allo, mutum yana ta jan taswira hagu da dama alhali wani jirgi yana jira a ɗaya ƙarshen. Ba a yi ta don wayar hannu ba, wanda babban cikas ne ga masu karatu da yawa. A ɗaya ɓangaren, ba ta buƙatar kwamfuta mai ƙarfi ko kaɗan, fayilolinta ƙanana ne ba sa cinye data, ana iya dakatar da agogo ko rage gudunsa, ana kuma iya ajiye aiki a ci gaba gobe.

Manyan sassan an yi su ne da tunanin mutane da yawa, kamar yadda ɗakin siginar gaske yake da ma'aikata da dama kowa da teburinsa, kuma manhajar tana ba da damar a haɗu ta intanet a raba yankin. A nan ne batun fankon jirage ke ƙara armashi, domin mai riƙe da tashar King's Cross yana so a kwashe masa taragun da suka tare dandamali, mai riƙe da yankin Hornsey kuma ba shi da inda zai sa su sai wani ya fita, sai an yi magana an daidaita.

Wanda yake son ya gwada, shawarata ita ce kada ya fara da King's Cross. Ya fara da ƙaramin sashe irin Royston, da ke kan hanyar Hitchin zuwa Kambirij, inda layi biyu ne kawai da jirage kaɗan, ya koyi buɗe hanya da soke ta da sauya lamba, ya kashe lalacewar na'urori a cikin zaɓuɓɓuka har sai hannunsa ya faɗa. Idan ya koma babban sashe, ya zaɓi jadawalin da ke farawa da tsakar dare, lokacin da layi yake shiru, ya buɗe littafin jagora ya rubuta a takarda sunayen layukan da ba na fasinja ba, ya ajiye ta a gefen kwamfuta. Da misalin ƙarfe huɗu zuwa biyar na asuba jirage masu lamba 5 za su fara bugo waya daga Hornsey da Bounds Green da Ferme Park, kuma yadda ya shigar da su tasha a wannan awar shi zai nuna yadda cunkoson ƙarfe takwas zai kasance.